ZAUREN IYALI: Neman Gidan Haya a Yamai ga Mai Iyali da Dabba

 

Kowace shekara, da zarar an kammala girbi, ko kuwa gab da komawar yara lakkol a watan Oktoba, iyalai da yawa daga Damagaram, Maraɗi, Tawa, Ƙonni da Dogon Dutsi kan ɗaure kaya su nufi Yamai. Wani canjin wurin aiki aka yi masa, wani kasuwa ce ta ja shi, wani kuma karatun ɗa ko jinyar mahaifi. Tambayar da kowa yake fara yi ita ce: nawa ne kuɗin haya? Amma akwai tambaya ta biyu wadda ba a cika tunawa da ita ba sai mota ta sauke kaya a ƙofar gida: ina za a ɗaure akuyar uwargida? Ina za a kafa akurkin kaji? Tantabarun yaro fa, da kyanwar da ta shekara biyar a gindin murhu?

A garuruwanmu na asali wannan ba abin tambaya ba ne, domin kuwa gida ba ya cika gida sai da turke. A babban birni al'amarin ya sha bamban. Gidan na wani ne, tsakar gidan ta mutane da yawa ce, kuma abin da ake samu kyauta a ƙauye, ruwa da ciyawa da fili, a can da kuɗi ake sayensa. Abin da muke son tabbatarwa a wannan fitowa shi ne: arhar gida ba ta tsaya ga kuɗin da ake miƙa wa mai shi a ƙarshen wata ba, kuma zancen dabba zance ne da ake yinsa tun kafin a biya ko da dala ɗaya.

Yadda birnin yake a shimfiɗe

Wanda zai nemi unguwa ya kamata ya fara sanin yadda garin ya girma. An mayar da hedkwatar mulki daga Damagaram zuwa Yamai a shekarar 1926. Lokacin samun ƴancin kai a 1960 mutanen garin ba su wuce wajen 30,000 ba, amma ƙidayar 2012 ta nuna sun haura miliyan ɗaya, kuma tun daga lokacin garin bai daina faɗaɗa ba. An raba shi gunduma biyar. Huɗu suna ɓangaren hagu na kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, ta biyar kuma tana hayin kogi, inda Zabarmawa ke ce wa Harobanda, wato bayan ruwa. Gadoji uku suka haɗa ɓangarorin biyu: gadar Kenedi ta 1970, gada ta biyu ta 2011, da gadar Janar Seyni Kunce ta 2021.

Idan muka dubi birnin da idon mai neman haya, za mu ga ya kasu kamar haka. Akwai tsofaffin unguwannin tsakiya da ke kewaye da kasuwanni, irin su Zango, Bukoki da Wadata. Sunan Bukoki kansa daga kalmarmu ta bukkoki ya fito, domin da bukkoki unguwar ta fara. A nan Bahaushe ba ya jin baƙunta, kasuwa kusa, masallaci kusa, makarantar allo kusa, sai dai fili ya ƙare, gida ɗaya yakan ɗauki iyali biyar ko fiye. Akwai unguwannin masu hali da ma'aikatan ƙasashen waje, irin su Plato da Kwara Kano, inda gidaje suke da katanga da lambu da mai gadi, amma hayarsu ta fi ƙarfin yawancin masu karanta wannan fili. Akwai unguwannin bayan gari da suka taso daga baya, irin su Kwara Tegi, Bobiyel, Yamai 2000 da wajen filin jirgin sama, inda fili yake da yalwa kuma haya take da sauƙi. Sannan akwai unguwannin bakin kogi, Saga a ɓangaren hagu, da Lamorde, Karaje da Kirkisoy a hayi.

Kowanne daga cikin waɗannan yana ba mutum abu ɗaya ya karɓe wani. Tsakiya tana rage kuɗin mota amma ba ta da wurin turke. Bayan gari yana da wurin turke amma yana cin aljihu ta hanyar zirga-zirga. Bakin kogi yana da ciyawa da arha, amma yana da hatsarin da za mu yi bayaninsa nan gaba.

Lissafin arha

Mafi ƙarancin albashi a hukumance a ƙasar Nijar ya koma sefa 42,000 a wata tun daga Janairun 2024, bayan ya daɗe a kan 30,047. Mai irin wannan samu, ko ninkinsa biyu, ba shi da damar yin kuskure a zaɓen gida. Don haka muna shawartar maigida ya zauna da takarda da alƙalami, uwargida na gefe, su yi lissafi irin wannan. Alƙaluman da za mu kawo misali ne kawai, kowa ya cire su ya sa nasa.

Mu ɗauka an nuna maka gida biyu. Na farko kusa da wurin aikinka, ɗaki da falo, jika 40 a wata, da famfo a tsakar gida wanda rabonka na kuɗinsa jika 4 ne, kuma da ƙafa za ka riƙa zuwa aiki. Jimla jika 44. Na biyu a bayan gari, ɗaki biyu da fili, jika 25. Ido zai ce na biyu ya fi arha da jika 15. To amma idan zuwa da dawowa yana cin sefa 800 a rana, cikin kwana 26 na aiki an kusa kashe jika 21. Idan famfo bai kai unguwar ba, ana sayen ruwa wurin ƴan ga-ruwa sefa 300 a rana, jika 9 ke nan a wata. Jimla jika 55, ba a ma zo kan kuɗin kai yara lakkol ba, ko kuɗin taksi ranar da ciwo ya tashi cikin dare. Gidan da aka kira mai arha ya fi ɗan'uwansa tsada da jika 11.

Wannan ba yana nufin bayan gari ba shi da amfani ba. Lissafin yakan juye idan maigida yana da babur, ko sana'arsa tana can kusa, ko kuwa kiwon da uwargida za ta yi a filin zai mayar da abin da hanya ta ci. Mai sana'ar dabbobi da ke zuwa kasuwar Turaku kullum, wato babbar kasuwar dabbobi ta birnin da ke wajen Lazare, unguwannin arewa sun fi masa kusa fiye da tsakiyar gari. Ma'aikacin jami'ar Abdu Mumuni ko ɗalibinta kuwa, hayin kogi ne kusa gare shi. Abin nufi, a fara da wurin neman abinci, a ja da'ira a kewayensa, sannan a nemi gida cikin da'irar.

Ita ma dabba tana da nata layi a takardar lissafi. A ƙauye kara da harawa daga gonarka suke fitowa. A Yamai ɗauri-ɗauri ake sayensu daga amalanke da bakin titi, kuma farashinsu yana hawa daga watan Maris har faɗuwar damina, lokacin da zafi yake haura digiri 40. A irin wannan zafi rago ɗaya yakan sha lita biyar ko fiye a rana. Wanda yake sayen ruwa da jarka ya san abin da awaki huɗu za su ƙara masa. Idan aka haɗa dusa, harawa, kanwa, ruwa da magani, sai a tambayi kai: shin ragon da za a turke wata takwas domin layya zai zo da sauƙi fiye da wanda za a saya a kasuwa ana gobe salla? Wani lokaci amsar i ce, musamman ga gidan da ke da ragowar abinci da dusar daka. Wani lokaci kuma a'a.

Gidan bakin kogi

Unguwannin hayi suna jan hankalin mai dabba, kuma da dalili. Lamorde asalinta ƙauyen Fulani ne, mutanen wannan ɓangare sun saba da shanu da tumaki, ba wanda zai yi mamakin ganin turke a ƙofar gida. Ga ciyawar burgu a bakin ruwa, ga gonakin shinkafa na Kirkisoy da Saga inda ake samun ƙaiƙayi da dusa da tattaka. Haya ma tana da rangwame idan aka kwatanta da tsakiyar gari.

Sai dai wajibi ne baƙo ya san halin kogin. Sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko tana zuwa a watannin Agusta da Satumba, sa'ad da ruwan damina ya kwararo daga rafukan Sirba, Dargol da Goruwol, ruwan ya yi ja saboda laka. Cika ta biyu tana zuwa cikin sanyi, tsakanin Disamba da Fabrairu, da ruwan da ya taso tun daga ƙasar Gini ya ratso Mali a hankali. Ta farkon ita ce ta fi yin ɓarna a shekarun nan. An yi ambaliya mai tsanani a 2010 da 2012, har aka tsugunar da wasu iyalai a wani fili mai suna Seno. A Satumban 2020 ruwa ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, alhali ma'aunin babban gargaɗi mita 6.20 ne. Shingen da aka gina don tare ruwa ya ɓalle, unguwannin hayi da Saga suka cika, dubban iyalai suka kwana a makarantu. Daminar 2024 ma ta yi ɓarna mai yawa a faɗin ƙasa.

A ranar irin wannan musiba mutum da ƴaƴansa yake gudu. Dabbar da ke ɗaure a turke ita ce ta farkon halaka, kaji kuwa ba a ma zancensu, kuma wuraren da ake saukar da waɗanda ruwa ya kora ba a tanade su domin awaki ba. Ba duk hayi ne kwari ba, akwai tudu mai kyau a can. Haka kuma a ɓangaren hagu akwai kwarurruka, kamar kwarin Gunti Yena da ya ratsa gari, da unguwannin da ruwan sama yake kwanciya a cikinsu kowace damina. Dabarar ita ce a duba gida da idon damina ko da rani aka je. A dubi gindin katanga, idan akwai layin danshi ko gishiri-gishiri da ya kai gwiwa, ruwa ya taɓa tsayawa nan. A dubi dokin ƙofofin maƙwabta, idan kowa ya ɗaga nasa da bulo biyu ko ya jera buhunan yashi, ba ado suke yi ba. A tambayi mai shagon lungu da limamin unguwa inda ruwa ya tsaya a 2020. Dillali ba zai faɗa ba sai an tambaye shi, su kuwa ba su da riba a ɓoyewa.

Irin gidan ya fi sunan unguwa

Sau da yawa mutane kan tambaye mu wace unguwa ce take karɓar dabba. Amsar ita ce, ba unguwa ce take karɓa ko ƙi ba, gida ne. Mafi yawan gidajen haya masu sauƙin kuɗi a Yamai irin waɗanda ake kira selibateriyom ne: ɗakuna a jere, kowane iyali da ƙofarsa, tsakar gida ɗaya, banɗaki ɗaya ko biyu, igiyar shanya ɗaya. A irin wannan gida kyanwa za ta iya zama, watakila da kaji biyu a cikin keji. Rago kuwa sai da yardar kowa, kuma yawanci na ƴan makonni kafin babbar salla. Wanda yake da awaki uku ko huɗu, abin da ya dace da shi shi ne ƙaramin gida mai katangarsa shi kaɗai, ko da na ƙasa ne, ko kuwa gidan da mai shi yake zaune a ciki kuma shi ma yana kiwo.

Idan an shiga duba gida, ga abin da ido zai nema: wurin da za a yi rumfa dabba ta samu inuwa da rana tsaka, nisan wurin daga murhu, randa da tagar maƙwabci, inda fitsari da ruwan wanki suke gangarawa, inda za a riƙa kai taki, da ƙofar da take rufuwa sosai, domin satar dabba tana yawaita idan salla ta gabato. Kada kuma a sa rai da kangon fili da ke kusa. Yana da mai shi, kuma ranar da ya kawo bulo zancen ya ƙare.

A sani kuma cewa sakin dabba ta yi yawo a titi, kamar yadda aka saba a ƙauye, hukumar birni ta hana shi, kuma akan kama dabbar a tsare sai an biya tara. Ko ba don tara ba, titin birni makashin akuya ne. Ga motoci, ga leda a kowace bola. Tun 2014 aka yi dokar hana irin wannan leda a ƙasar, amma har yanzu tana ko'ina. Akuya takan haɗiye ta, ta taru a tumbi, dabba ta yi ta ramewa tana ci ba ta ƙiba har ta mutu. Mahauta sun fi kowa sanin abin da suke cirowa daga cikin dabbobin gari.

Kowace dabba da buƙatarta

Kyanwa ita ce mafi sauƙin ɗauka a gidan haya, kuma shari'a ba ta ɗauke ta najasa ba, ragowar ruwan da ta sha mai tsarki ne. Sai dai tana da son wurin da ta saba. A ɗauko ta cikin kwando ko kwali mai huji, a tsare ta cikin ɗaki mako ɗaya ko biyu da abinci da kaskon yashi har ta san sabon gida, in ba haka ba za ta fita neman tsohon gida ta ɓace. A bincika ko maƙwabta suna zuba maganin ɓera, a kuma lura ko akwai mai ƴan tsaki ko tantabaru, domin daga nan rigima take farawa.

Tantabaru ma sai an rufe su makonni kafin a sake su. Matsalarsu a birni biyu ce: kashinsu a kan shanyar mutane da rufin kwano, da kuma yaron da zai hau katanga ko soro domin su, idonsa ya faɗa tsakar gidan wasu. Malamai sun yi gargaɗi a kan wannan tun da daɗewa, kuma uba ne zai ja kunnen ɗansa.

Kaji suna fama da annobar da ke zuwa da iskar hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasal, kuma allurar rigakafinta ba ta da tsada. Ga waɗanda suka tuna murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magariya a 2006, sun san dalilin da ya sa ba a son kaji su kwana ɗaki ɗaya da yara. Tumaki da awaki kuwa, hukumar kiwo takan yi gangamin allurar rigakafi kowace shekara, a nemi sanin ranar da za a zo gundumarku. Dabbar da ta yi tafiyar kilomita kusan 900 daga Damagaram, ko fiye da 600 daga Maraɗi, a bayan babbar mota cikin rana, tana isowa a galabaice. A ba ta ruwa da inuwa, a ware ta daga dabbobin maƙwabta na kwanaki, don kada ta ba su ciwo ko ta ɗauka.

Saura kare, wanda shi ne ya fi jawo saɓani. Abin da muka karanta a littattafan mazhabarmu ta Malikiyya shi ne, an yi izinin riƙe kare domin tsaron gona, tsaron dabbobi da farauta, an kuma hana ajiye shi cikin gida haka kawai. Masu sharhin Risala sun ruwaito cewa shi kansa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan ya ajiye kare a lokacin da katangar gidansa ta faɗi kuma yana jin tsoro a kan ransa, daga nan malamai da yawa suka sawwaƙe ga mai buƙatar tsaro ta gaskiya. Don haka wanda zai zauna a bayan gari inda gidaje suke nesa da juna yana da uzuri. Amma a gidan haya na tarayya, inda ake alwala a tsakar gida kuma yara suna rarrafe, kawo kare neman fitina ne, kuma da wuya mai gida ya yarda. Wanda ya riƙe shi, to ya ciyar da shi, ya shayar da shi, ya hana yara jifansa, ya kuma kai shi allurar ciwon hauka yana sabuntawa a kan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutane wajen 59,000 a shekara, kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, kuma idan alamunsa suka bayyana ba a warkewa. Duk wanda kare ko kyanwa ta ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu tsawon minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya ga maganin gida.

Magana da dillali da mai gida

A Yamai da wuya baƙo ya samu gida ba ta hannun dillali ba. Za a nemi ladansa, a nemi kuɗin watanni a gaba, a nemi kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda gyara. Wannan taron kuɗi shi ne yake sa mutum ya kasa fita idan ya shiga gidan da bai dace da shi ba. Wasu, saboda tsoron kada a hana su, sukan ɓoye zancen dabba, su shigo da ita da dare bayan sun karɓi mabuɗi. Wannan ha'inci ne, kuma wauta ce. Haya ciniki ce, sharaɗinta a san kuɗi, a san wa'adi, a san irin amfanin da za a yi da wurin, kuma ɗan haya ba shi da ikon yin abin da ya fi wanda aka yi yarjejeniya a kansa cutar da gini. Fitsarin dabba yana cin gindin katanga, akuya tana cinye dashen itace, rago yana karya ƙofa. Mai gida yana da haƙƙin sani.

A faɗa masa a fili: dabba kaza ce, guda kaza, a nan za ta zauna, gyaran abin da ta ɓata a kanmu. A nemi ganin mai gidan da kansa ko wakilinsa na gaskiya, kada a tsaya ga bakin dillali. A rubuta yarjejeniya ko da a takardar littafin yara ce, a sa zancen dabbar a ciki, shaidu biyu su sa hannu, a karɓi rasit na kowane biya. Addininmu ya yi umarni da rubuta mu'amalar da ke da wa'adi, kuma rubutu ba rashin yarda ba ne, maganin mantuwa ne.

Maƙwabci kafin gida

Magabata sun ce a nemi maƙwabci kafin a nemi gida. Yardar mai gida ba ta wadatar ba, tun da ba shi ne zai kwana da kukan bunsuru ko warin turke ba. Kafin a biya, maigida ya je sallar magariba a masallacin lungun, ya gaisa da jama'a, ya gabatar da kansa ga mai unguwa. Uwargida kuma, ko wata ƴar'uwa da ke garin, ta shiga ta gaisa da matan gidan, domin su ne suke wuni a tsakar gida, kuma abin da za su faɗa mata ba za su faɗa wa namiji ba. A tambaya cikin ladabi: muna da akuya biyu, ko za ta takura muku?

Bayan an tare, a share turke kullum, a kwashe taki kafin ya tara ƙuda. Masu lambu a bakin kogi suna nemansa, wani ma da kuɗi. Idan dabba ta ci hatsin da aka shanya ko ta yaga tufafi, a biya ba tare da jayayya ba. Ranar da akuya ta haihu ko aka yanka kaza, a tuna da ƙofar da ke kusa. Ƙwarya ɗaya ta nono takan kashe maganar da shari'ar wata guda ba za ta kashe ba.

Idan wuri bai samu ba

Wani lokaci za a yi duk wannan bincike a ga aljihu bai kai gidan da zai ɗauki dabba ba. A nan gaskiya ita ce a rage, ko a bari. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, ya kuma ba da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Ɗaure rago a lungun da babu inuwa a watan Afrilu, ko kulle kyanwa a bar ta a tsohon gida, ba ƙaramin abu ba ne a wurin Allah. Al'adarmu ta ba da kiwo tana nan: a bar dabba a hannun ɗan'uwa amintacce, a yi sharaɗi bayyananne a kan ciyarwa da rabon abin da ta haifa. Kyanwa kuma a damƙa ta ga gidan da za su kula da ita.

Muna jan hankalin magidanta a kan abu ɗaya. A gidajenmu da yawa jar akuyar nan da tumakin nan dukiyar mace ce, daga sadakinta ko gadonta ko adashinta, ita ce ajiyarta ta ranar biki da ranar ciwo. Ba ya halatta miji ya sayar da su don cika kuɗin haya ba da yardarta ba, ko ya yanke shawarar barinsu ba tare da ya ji ta bakinta ba. Ƙaura da kanta tana girgiza gida: mace ta bar danginta, yara sun bar abokansu. Idan aka haɗa da raba ta da dukiyarta ba shawara, ɓacin ran yakan daɗe fiye da zaman gidan hayar. Shi ma yaron da ya yi renon tantabarunsa, a zaunar da shi a yi masa bayani.

Shawararmu ta ƙarshe ita ce maigida ya riga iyali zuwa, ya sauka wurin ɗan'uwa ko abokin sana'a na mako biyu ko uku, ya taka unguwannin da ƙafarsa safe da yamma, ya gwada hanyar zuwa aiki a lokacin cunkoso, ya yi istihara, sannan ya aika a taho. Gaggawa aikin shaiɗan ce, kuma kuɗin da aka miƙa wa dillali ba ya dawowa.

Masu karatunmu da suka riga suka yi wannan ƙaura, a Yamai ko Kwatano ko Abijan ko Yawunde, muna maraba da wasiƙunku domin na baya su amfana. Allah Ya sanya albarka a gidajenmu da abin da muke kiwo, Ya haɗa mu da maƙwabta na gari, Ya sa mu ma mu zame musu na gari. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.